Rance ta Wayar Hannu: Abin da Ke Jawo Mutanen Gabashin Sakkwato da Abin da Ke Korarsu

Manhajar rance hanya ce ta cin bashin kuɗi ta wayar hannu, ba tare da mai nema ya taka zuwa banki ko ya kawo mai tsaya masa ba. Mutum zai sauke manhajar, ya shigar da sunansa da lambarsa ta tantancewa a banki, wato BVN, da lambar asusunsa, ya ɗauki hoton fuskarsa. Daga nan kwamfutar kamfanin ce za ta auna shi, ta duba yadda kuɗi ke shiga da fita a asusunsa da irin tarihinsa na biyan bashi, ta yanke iyakar abin da za a ba shi. Idan ya dace, alat kan shigo cikin 'yan mintoci. Rancen farko ƙarami ne, bai cika wuce 'yan dubbai ba, wa'adinsa kuma gajere. Wanda ya biya kan lokaci akan ɗaga masa a karo na gaba.

A Afirka, Kenya ce ta yi gaba a wannan harka, inda kamfanin sadarwa na Safaricom ya haɗa kai da wani banki suka fito da M-Shwari a 2012. A Najeriya, Paylater ta fara aiki a 2016, ita ce daga baya ta koma Carbon. FairMoney da Branch suka biyo baya a 2017, sannan irin su Palmcredit da OKash da wasu ɗaruruwa suka cika kasuwar. Mafi yawansu a Legas suke da zama, kuma da ma'aikacin birni aka yi lissafinsu, wanda albashi ke shigo masa ƙarshen wata. Wannan asali shi ke bayyana abubuwa da dama game da irin karɓar da suke samu a wurare kamar Magarya da sauran garuruwan Wurno da Rabah da Goronyo.

Magarya tsohon gari ne. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi zaman ribaɗi a can kafin Wurno ta zama mazauninsa, inda ya rasu a 1837, kuma a nan hubbarensa yake. Rabah ce mahaifar Sardauna Ahmadu Bello. Gidajen wannan yanki sun san juna kaka da kakanni, kuma a kan wannan sanayya ake cin bashi ake biya tun fil azal. Arzikin yankin a fadamar gulbin Rima yake. Madatsar ruwa ta Goronyo, wadda aka gama ginawa a 1984, ita ce ƙashin bayan noman rani na shinkafa da alkama da albasa da tafarnuwa da tumatir da tattasai. Kuɗi a nan ba wata-wata suke zuwa ba. Suna zuwa da kaka, su sake zuwa idan an cire kayan rani, tsakanin lokutan biyu kuma sai lallaɓawa. Binciken da cibiyar EFInA ta yi a 2023 ya nuna kashi 47 cikin ɗari na manyan mutane a Arewa maso Yamma ba sa mu'amala da kowace irin hanyar ajiya ko rance, alhali a ƙasar baki ɗaya kashi 26 ne. Rahoton Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2022 kuwa ya sa jihar Sakkwato kan gaba a talauci mai fuskoki da yawa, da kusan mutum tara cikin goma.

Kafin a kai ga maganar so ko ƙi, akwai shingayen da ke tace mutane tun daga bakin ƙofa. Na farko shi ne wayar kanta. Manhajar rance sai da babbar waya da data, alhali a ƙauye ƙaramar waya mai maɓalli ta fi yawa, domin ta fi arha, ta fi riƙe caji a inda wuta ba ta zama. Faɗuwar darajar naira tun daga 2023 ta ƙara nisanta babbar waya da talaka. Sai dai mai ƙaramar wayar ma ya san rancen zamani ta wata fuska, wato rancen kati, wanda ake yi ta danna *303#, kamfanin sadarwa ya cire abinsa da ƙari da zarar an sa kati. Ga mutane da yawa wannan shi ne karon farko da suka ci bashin da babu ɗan Adam a tsakani. Wasu kuma babbar wayar tasu ma da bashi suka mallake ta, ta hannun irin su EasyBuy da M-KOPA, waɗanda ke sayar da waya biya kaɗan-kaɗan, su kulle ta daga nesa idan an saɓa alkawari.

Sabis ma ba abin dogaro ba ne. A watan Satumba na 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jihar Sakkwato saboda yaƙi da 'yan bindiga, ciki har da Goronyo da Rabah. Wa'adin manhaja kuwa ba ya tsayawa don sabis ya ɗauke, tarar jinkiri kullum hawa take. Mutumin da ya taɓa shafe makonni yana tafiya wani gari don ya yi kira guda yana da dalilin yin ɗari-ɗari da duk bashin da hanyar biyansa ta rataya ga waya.

Sai shaida. An ƙirƙiro lambar BVN a 2014, kuma yin ta na buƙatar mutum ya je a ɗauki zanen yatsunsa, a yankin da rassan banki suka tattaru a birnin Sakkwato. A ƙarshen 2023 Babban Bankin Najeriya ya wajabta haɗa ko ƙaramin asusu ne da BVN ko lambar katin ɗan ƙasa. Matsalar da ta fi addabar mutanen karkara a nan ita ce saɓanin bayanai: Muhammadu a wannan takarda, Mamman a waccan, ranar haihuwa kuma ta ƙiyasi ce, kowane ofis da abin da ya rubuta. Ma'aikacin banki zai iya gane cewa mutum ɗaya ne. Kwamfuta sai ta ƙi.

Harshe shi ne shinge na ƙarshe, kuma ya fi sauran tsayi. Kusan duk manhajojin da Turanci suke, sharuɗɗansu kuma dogaye ne da ƙananan baƙaƙe. Dattijon da ya yi zurfi a karatun allo da na littattafai, yake karanta Larabci da ajami ba gargada, ba lallai ne ya iya warware shafi guda na waɗannan sharuɗɗa ba. Don haka akan nemi ɗan tsakiya: ɗa ko ƙane ɗan boko, ko mai POS na bakin kasuwa. Wannan ɗan tsakiya shi ke fassara, shi ke dannawa, sau da yawa ma shi ke cewa wannan kamfani na kirki ne, wancan a guje shi. A nan kuma haɗari yake, domin duk wanda aka miƙa wa BVN da lambar sirrin da ke shigowa ta saƙo zai iya cin bashi da sunan mai su, ba tare da shi ya sani ba sai ranar da aka fara kiransa.

Abin da ya fi komai buɗe wa wannan harka ƙofa a Arewa shi ne ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, bayan sauya fasalin naira. Manomin da a da bai yarda da komai ba sai tsaba a hannu, dole ta sa ya karɓi kuɗin albasarsa ta tiransifa. Asusun OPay da PalmPay da Moniepoint suka bazu har ƙauyuka, masu POS suka zama tamkar reshen banki a kowace kasuwa, daga Achida zuwa Goronyo. Da zarar mutum ya saba ganin kuɗinsa a waya ya kuma ga ba su ɓace ba, rabin tsoron ya tafi. Tayin rance kuma yakan zo masa a cikin wayar da yake amfani da ita kullum, ko ta tallar da ke faɗo masa a Facebook da TikTok. Bai fita nema ba, an kawo masa har gida.

Buƙata kuwa ta ƙaru a daidai wannan lokaci. Cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu 2023 ya bugi noman rani kai tsaye, tunda da fetur injin ban ruwa ke aiki. Taki da maganin feshi suka yi tsada, hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disamba 2024. Rashin tsaro ya ƙara wa miki gishiri. A karkara dabba ita ce asusun ajiya: idan rashin lafiya ta taso ko haihuwa ta zo, a kama akuya ko rago a kai kasuwa. Satar dabbobi da gudun hijira da biyan kuɗin fansa sun kwashe wannan ajiya a gidaje da yawa, harin da aka kai kasuwar Goronyo a Oktoba 2021, wanda ya ci rayukan mutane fiye da arba'in, ya nuna ko kasuwar ba ta tsira ba. Ɗan'uwan da a da ake zuwa wurinsa neman rance, yau shi ma nema yake.

Amma buƙata kaɗai ba ta isa ta bayyana zaɓin manhaja ba, domin hanyoyin gargajiya suna nan da ransu. Akwai rancen zumunci, wanda babu ƙari a cikinsa. Akwai adashi, musamman tsakanin mata da 'yan kasuwa. Akwai littafin mai shago. Akwai jinginar gona, da karɓar kuɗi a hannun ɗan kasuwa tun amfanin gona bai nuna ba a biya da buhu idan an girbe, abin da a wasu wurare ake kira falle. Kowace daga cikinsu tana da kuɗinta da ba a rubutawa. Mai neman rance sai ya je da ƙafarsa, ya yi gaisuwa, ya zayyana halin da gidansa ke ciki, wani lokaci ma a ce ya dawo jibi. Hausawa na cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma ba kowa ke so a san nasa ba. Magidanci kan gwammace ya kwana da damuwarsa da a ce surukinsa ko abokin hamayyarsa a kasuwa ya ji ya kasa.

A nan manhaja ta samu shiga. Abin da take sayarwa a haƙiƙa rufin asiri ne. Cikin dare, a ɗaki, ba gaisuwa ba dogon bayani, mutum ya nemi dubu goma na maganin yaro, kafin asuba sun shigo. Ko an hana shi, babu wanda ya ga an hana shi. Ga al'ummar da ke auna mutum da mutuncinsa, wannan ya fi saurin biya daraja, kuma shi ne dalilin da ya sa wasu ke yarda da ƙarin da ba za su taɓa yarda da shi a hannun maƙwabci ba.

Shi ya sa kuma ɓarnar da wasu kamfanoni suka yi ta zama babba. Manhajojin farko kan nemi izinin shiga lambobin da ke cikin waya da hotuna da saƙonni, mai nema kuma ya danna amincewa ba tare da ya san me ya bayar ba. Idan ya yi jinkiri, ko na kwana biyu ne, sai saƙonni su fara isa ga duk wanda ke cikin wayarsa, ana kiransa ɓarawo ko ɗan damfara, har akwai waɗanda aka yaɗa hotunansu da sanarwar mutuwa ta ƙarya. A babban birni mutum zai iya jure wannan ya ci gaba da harkarsa. A gari kamar Magarya, inda lambobin da ke cikin waya su ne liman da hakimi da surukai da malamin yara, saƙo ɗaya ya isa ya rusa abin da mutum ya shekara talatin yana ginawa, ya kuma shafi auren 'ya'yansa. Wanda ya gudo don a rufa masa asiri, sai aka tona shi fiye da yadda maƙiyinsa zai iya. Labari irin wannan ba ya tsayawa a gida ɗaya. Gani ya kori ji, kuma mutum ɗaya da aka tozarta yakan hana unguwa guda kusantar kowace manhaja, mai kyau da marar kyau.

Hukumomi sun motsa, ko da yake a makare. A 2021 hukumar NITDA ta ci tarar kamfanin Soko Lending naira miliyan 10 saboda keta sirrin bayanan mutane. A Maris 2022 Hukumar Kare Haƙƙin Masu Sayayya ta Tarayya, wato FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasu kamfanonin rance a Legas, a watan Agusta na shekarar kuma ta wajabta musu rajista. Daga ƙarshen Mayu 2023 Google ya hana manhajojin rance da ke rumbunsa taɓa lambobin waya da hotuna, a watan Yuni aka sa hannu kan dokar kare bayanan jama'a, sannan a 2025 FCCPC ta fito da cikakkun ƙa'idoji masu tara mai tsanani. Hukumar tana wallafa sunayen kamfanonin da ta amince da su. Sai dai jerin a intanet yake, da Turanci, kuma manhajojin da aka kora daga rumbun Google kan dawo ta bayan gida, ta hanyar saƙon da ake turawa a WhatsApp. Ɗan ƙauyen da aka ci zarafinsa bai cika sanin inda zai kai ƙara ba, kunya ma ba za ta bar shi ya kai ba.

Addini shi ne dalili mafi ƙarfi ga masu ƙi, kuma a ƙasar da aka kafa kan karantarwar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ba abin mamaki ba ne. Haramcin riba sananne ne ga babba da yaro, kuma rancen kuɗi da aka sharɗanta ƙari a kansa shi ne ainihin abin da malamai ke nufi da ita. Wasu kamfanoni kan sauya wa ƙarin suna, su kira shi kuɗin hidima, amma idan yana ƙaruwa da yawan rance da tsawon wa'adi, malamai ba sa ganin sauya sunan ya sauya hukunci. Akwai masu ci suna kafa hujja da larura, alhali larurar da fiƙihu ya sani ƙunci gare ta, ba ta haɗa da biki ko sabuwar waya ba. Abin lura shi ne wannan ma yana komawa ga sirri: wanda ba zai yarda a gan shi a layin rancen banki mai ruwa ba, zai iya yi a waya inda babu mai gani, ya kuma zauna da nauyin abin a zuciyarsa. Bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa suna nan, Jaiz tun 2012, TAJBank tun 2019, Lotus tun 2021, kuma suna da hanyoyi kamar murabaha, inda banki ke sayen kaya ya sayar wa mutum da ribar ciniki da aka sani. Sai dai ba su cika kaiwa ga mai neman dubu goma da tsakar dare ba. Wannan giɓi yana nan a buɗe, kuma abin takaici ne a ce har yanzu masu ruwa ne suka fi saurin isa ga talaka.

Tsadar rancen ba ta cika bayyana da farko ba, domin ana faɗin ƙari ne na wata ko na mako, ba na shekara ba. Misali, wanda ya ranci naira 20,000 a kan kashi 15 cikin ɗari a wata zai biya 23,000. Dubu uku ba su da ban tsoro, amma a lissafin shekara kashi 180 ke nan. Masu mugun salo kuma kan zare nasu tun farko: a rubuta wa mutum 10,000, a tura masa 8,500, a ce ya biya 10,000 bayan kwana bakwai, wato sama da kashi 17 cikin ɗari a mako guda. Google ya hana manhajojin da ke neman a biya duka cikin kwana 60 ko ƙasa da haka tun 2019, amma waɗanda ke wajen rumbunsa ba ruwansu da wannan. Tarkon da aka fi faɗawa shi ne cin bashin wannan manhaja don a biya waccan, har mutum ya wayi gari da biyar a wuyansa. Akwai kuma masu ɗaukar kuɗin kamar rabon gwamnati, irin kallon da wasu suka yi wa bashin noma na Babban Banki da aka ƙaddamar a Kebbi a 2015, su karya layin su jefar. BVN ba ta karyewa. Sunan yana shiga rumbunan tarihin bashi irin su CRC da FirstCentral, ya tare mutum ranar da ya zo neman rance na gaske.

Mata suna gefe a wannan harka. Masu babbar waya tasu ta kansu ba su kai maza yawa ba, haka ma masu BVN, kuma sau da yawa layin da sunan miji aka yi masa rajista. Alhali su ne ke riƙe da ƙananan sana'o'in cikin gida, ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da fura da ɗinki, waɗanda jarinsu ƙarami ne kuma yana juyawa da sauri. Har yanzu uwar adashi ta fi kowace manhaja kusa da su, domin ta san halin kowa, tana kuma iya ɗaga wa mai jego ƙafa.

Juyawar jari ita ce ma'aunin da ke raba wanda manhaja za ta iya amfana da wanda za ta durƙusar. Mai POS da ke neman ƙarin tsaba ranar kasuwa, da mai sarin kaya daga Sakkwato ya karyar cikin mako, da malamin makaranta ko ma'aikacin ƙaramar hukuma da ke jiran albashi, duk kuɗinsu na dawowa kafin wa'adi ya cika. Su da ɗalibai ne suka fi yawa cikin masu amfani da manhajojin. Manomin fadama kuwa lissafinsa dabam. Albasa daga dashe zuwa cira tana cin wata uku zuwa huɗu, kuma lokacin cira ne farashi ke faɗuwa, ribar tana ga wanda ya iya zuba ta a rudu ya jira wasu watanni. Rancen kwana talatin da aka sayi fetur da taki da shi zai nemi a biya shi tun albasar ba ta yi kai ba. Ko dai manomin ya sayar da dabba, ko ya sake cin wani bashin, ko ya karyar da amfaninsa da arha ranar da ya cire.

Tsarin da ya dace da irin wannan manomi ba baƙo ba ne a fiƙihu. Cinikin salam ya halatta a biya kuɗi yanzu a karɓi amfanin gona daga baya, muddin an fayyace nau'i da mudu da lokaci. A jihohin Kaduna da Kano, kamfanin Babban Gona, wanda ya fara aiki a 2012, yana ba ƙungiyoyin manoma iri da taki bashi su biya bayan girbi, jami'ansa kuma da manhajar waya suke rajistar manoma da bibiyar gonaki. A can wayar tana hannun mutumin da manomi ya sani, abin da ake bayarwa kayan aiki ne, ranar biya kuma ita ce ranar da masara ta shiga buhu.